Fayil ɗin ɗaukar nauyin matata yana hannun IRCC, hukumar shige da fice ta Kanada: ko za ta iya zuwa Kanada ziyara kafin a yanke hukunci?

Aminu (Kalgari) ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, da kuma waɗanda suka san dokokin shige da fice na Kanada sani na haƙiƙa. Ina zaune a Kalgari da izinin zama na dindindin, ban kai ga zama ɗan ƙasa ba tukuna. Bara na je gida aka ɗaura mini aure, na zauna da iyalina gwargwadon hutun da aka ba ni a wurin aiki, sannan na dawo. Da dawowata muka haɗa takardun ɗaukar nauyinta, muka tura ta intanet a rukunin iyali, wato wanda ake bi idan matar tana wajen Kanada. Kwanan baya wasiƙar AOR ta iso, wadda ke nuna cewa hukumar IRCC ta duba fayil ɗin ta same shi a cike, kuma an riga an ɗauki hoton yatsunta. Abin da ya rage yanzu shi ne jira.

Na san mizanin da hukumar ta sanya wa kanta a kan irin wannan fayil wata 12 ne, na kuma san yana iya wuce haka, don haka ba ƙorafi na zo yi ba. Sai dai rabuwar tana yi mana nauyi ƙwarai. Lokacin da nake tashi daga aiki, ita dare ya riga ya raba a wurinta. Sau da yawa sai in tarar da saƙonta na murya tana cewa ta yi ƙoƙarin jira na amma barci ya ci ƙarfinta, ni ma in bar mata nawa ta saurara da asuba. Malamar makaranta ce kuma tana da dogon hutu a gaba, shi ya sa muka yi tunanin ta nemi bizar ziyara, ta zo ta yi 'yan makonni, ta ga inda za ta zauna, sannan ta koma bakin aikinta har Allah ya sa a kammala.

Da na fara tuntuɓar mutane sai shawarwari suka yi karo da juna. Wani ya ce kada ma mu gwada, domin duk wadda mijinta ya nema mata zaman dindindin ba za a ba ta bizar ziyara ba, kuma idan aka hana ta, hanin zai ɓata babban fayil ɗin. Wani kuma ya ce mu nema, amma kada mu ambaci maganar ɗaukar nauyi ko kaɗan, ta ce za ta ziyarci wani ɗan'uwanta ne, a samu wani ya rubuta mata wasiƙar gayyata. Na uku cewa ya yi idan ta samu shiga, in janye wannan fayil in sake tura sabo a rukunin masu zama a cikin ƙasa, ta yi zamanta ke nan.

Don Allah ina son a fahimtar da ni: shin doka ta yarda ta nemi bizar ziyara alhali fayil ɗinta yana kan hanya? Idan aka hana ta, mene ne tasirin hakan a kan ɗaukar nauyin? Idan kuma aka ba ta, me ya kamata ta shirya wa a filin jirgi, kuma har tsawon wane lokaci za ta iya zama? Ba na son son ganinta ya sa in aikata abin da zai jinkirta zuwanta na dindindin. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malam Bashir (Otawa) ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Allah ya sanya albarka a auren, ya kuma haɗa fuskokinku da alheri. Ni ba lauya ba ne, amma ta wannan hanya na kawo iyalina, kuma na zauna na karanta sassan dokar da suka shafi lamarin, don haka zan faɗa maka abin da na tabbatar.

Doka ta yarda ta nema. Sashe na 22(2) na Dokar Shige da Fice da Kare 'Yan Gudun Hijira ya fayyace cewa niyyar mutum ta zama mazaunin dindindin ba ta hana a ba shi izinin shiga na ɗan lokaci, muddin jami'i ya gamsu cewa zai bar Kanada idan wa'adin da aka ba shi ya cika. Wannan shi ake kira niyya biyu, kuma halal ce a dokar Kanada: tana son ta zauna da mijinta har abada idan an amince, tana kuma shirye ta koma gida idan wa'adin ziyara ya ƙare ba a amince ba tukuna. Saboda haka wanda ya ce maka ba a taɓa ba irin matarka biza bai faɗi daidai ba. A ranar 26 ga Mayu, 2023, ministan shige da fice na lokacin, Sean Fraser, ya sanar da tsarin hanzarta bizar ziyara ga ma'auratan da ake ɗaukar nauyinsu, inda aka ce za a riƙa kammala akasarin irin waɗannan buƙatu cikin kwana 30. Abin da ke sa buƙata ta shiga wannan layi shi ne a tura ta bayan samun AOR, kuma kai ka riga ka samu.

Amma yarda da nema daban, bayarwa daban. Sashe na 179 na ƙa'idojin da ke ƙarƙashin dokar ya ɗora wa mai nema nauyin gamsar da jami'i cewa zai fita a kan lokaci, kuma a nan ne ake samun cikas, domin matar da mijinta ke Kalgari tana da babban dalilin zama. Jami'in zai duba inda fayil ɗin ɗaukar nauyin ya kai, musamman ko an riga an amince da kai a matsayin mai ɗaukar nauyi. Zai duba abin da ya ɗaure ta da gida, kamar aiki, karatu, iyayen da take kula da su, ko dukiya. Zai duba tarihin tafiye-tafiyenta, ko ta taɓa shiga wata ƙasa da biza ta fita a kan kari. Zai kuma tambayi kansa abin da za ta yi idan aka ƙi amincewa da zaman dindindin ɗin. A ganina aikin koyarwar da take yi shi ne hujjarku mafi ƙarfi. Ta samo wasiƙa daga makarantar, a kan takarda mai tambarinsu, da ke faɗin matsayinta, da ranar da hutu zai fara, da ranar da ake sa ran ta koma aji. Ta haɗa da takardun albashinta da bayanin asusunta na banki na watannin baya kamar yadda yake. Kada ka tura mata wasu maƙudan kuɗi mako guda kafin nema don asusun ya yi kyan gani, domin kuɗin da ya faɗo dare ɗaya ba tare da bayani ba ya fi jawo tambaya fiye da ƙaramin albashi mai shigowa a kai a kai. Idan kai ne za ka ɗauki nauyin tafiyar, ka faɗi haka ƙarara a wasiƙar gayyata, ka sa takardun aikinka, da shaidar inda kake zaune, da kwafin katinka na zaman dindindin, da takardar aure, da wasiƙar AOR. Ita ma ta rubuta gajeren bayani da bakinta: ga mijina, ga lambar fayil ɗinmu, ga ranar zuwa, ga ranar komawa, ga abin da zan koma wa. Kuɗin neman bizar dalar Kanada 100 ne. Hoton yatsu dala 85 ne, amma yana aiki shekara 10, don haka a duba ko wanda aka riga aka ɗauka zai wadatar.

Yanzu shawarar mutum na biyu, wadda ita ce ta sa na zauna na rubuta wannan doguwar amsa. Ka yi nesa da ita, Malam Aminu. Sunan matarka, da lambar fasfonta, da hoton yatsunta duk suna cikin kwamfutar hukumar, a jere da sunanka. Jami'in da ya buɗe buƙatar ziyarar zai ga fayil ɗin ɗaukar nauyi a gabansa tun kafin ya karanta wasiƙar gayyata. Fom ɗin kansa yana tambayar ko tana da aure, da sunan mijin, akwai kuma fom na bayanin iyali da ke tambayar inda yake zaune. Idan ta ɓoye, ko ta ƙirƙiro ɗan'uwan da babu shi, ta faɗa ƙarƙashin sashe na 40, wanda ke magana a kan ba da bayanin ƙarya ko ɓoye abin da ke da muhimmanci ga hukunci. Sakamakonsa haramcin shiga Kanada na shekara 5, kuma a cikin waɗannan shekaru ba ta da damar neman zaman dindindin. Ka ga an je neman hutun makonni an sayo rabuwar shekaru. Bayan haka, jami'in da ke duba sahihancin aurenku zai ga cewa matar da ta ce tana da miji a wannan fayil ta ɓoye shi a wancan, kuma duk wata hujja da kuka tara, hotuna da saƙonni da shaidar iyaye, za ta raunana.

Game da hani kuwa, hukunci biyu ne mabambanta, kowanne da ma'auninsa. A bizar ziyara ana tambayar ko za ta koma. A ɗaukar nauyi ana tambayar ko auren na gaskiya ne, ko kai ka cika sharuɗɗa, ko ita ba ta da abin da zai hana ta shiga ta fuskar lafiya, laifi ko tsaro. Idan aka hana ta don jami'i bai gamsu da komawarta ba, wannan kaɗai ba ya rushe babban fayil. Abin da ya wajaba shi ne daga ranar ta riƙa amsa e a duk inda aka tambaye ta ko an taɓa hana ta biza, ta Kanada ko ta wata ƙasa, kuma ku sanar da ofishin da ke riƙe da fayil ɗin. Ba a ɗaukaka ƙara a kan hanin bizar ziyara, sai dai a sake nema da sabuwar hujja, ko a nemi Kotun Tarayya ta duba hukuncin cikin kwana 60, wanda tsadarsa da tsawon lokacinsa ba kasafai suke dacewa da ziyarar hutu ba.

Maman Hanan (Winifeg) ta amsa:

Sallama gare ku. Malam Bashir ya gama bayanin doka, Allah ya ƙara basira. Ni zan yi magana ne a matsayin wadda ta zo ziyara lokacin da fayil ɗinta yake jira, domin, Malam Aminu, akwai abubuwan da matarka za ta fuskanta ita kaɗai, kai kana can waje a wurin masu tarbar baƙi.

Abu na farko da za ta sani shi ne bizar da ke manne a fasfo izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Wanda ke da ikon cewa ta shiga, da tsawon zaman da za ta yi, shi ne jami'in hukumar tsaron iyakoki, CBSA, a filin jirgin da ta fara sauka. Idan za ta canza jirgi a Toronto ko Montiriyal kafin ta iso Kalgari, a can za a yi mata tambayoyin, don haka ku bar isasshen lokaci tsakanin jiragen biyu. Ni da na sauka na fara tsayawa a gaban na'ura, na sa fasfo, ta ɗauki hotona, na amsa tambayoyin da ke kan allo, ta fito mini da 'yar takarda. Da na miƙa wa jami'in ya tambaye ni wurin wa na zo, na ce wurin mijina. Ya tambayi ko ya nema mini zaman dindindin, na ce ya nema, ga wasiƙar. Ya tambayi yaushe zan koma da abin da nake yi a gida, na nuna masa tikitin komawa da takardar hutuna. Duk takardun nan suna cikin jakar hannuna a bugge, ban dogara da waya ba, domin caji na iya ƙarewa kuma ba lallai a samu intanet a wurin ba. Ta riƙe adireshinka da lambar wayarka a ka, kai kuma wayarka ta kasance a kunne, saboda suna iya kiranka su ji ko maganarku ta zo ɗaya. Idan aka ce ta shiga ɗaki na biyu don ƙarin tambayoyi kada hankalinta ya tashi, abu ne da aka saba, ta amsa abin da aka tambaye ta kawai, da gaskiya, ba tare da ƙari ba.

Ta kuma lura da kayan da za ta ɗauko. Wadda ta ce makonni za ta yi, sannan aka buɗe akwatunanta aka ga ainihin takardun shaidar karatunta gaba ɗaya, da kayan ɗaki, da wasiƙar ajiye aiki, kayan sun riga sun ƙaryata bakinta. Ta zo da abin da mai ziyara ke zuwa da shi.

Yawanci ana ba baƙo wata 6. Idan jami'in ya buga hatimi ya rubuta wata rana a ƙarƙashinsa, ko ya ba ta takarda ta daban mai ɗauke da rana, wannan ranar ce wa'adinta, ko da ba ta kai wata 6 ba. Idan ba a buga komai ba, wata 6 ne daga ranar shiga, ko ranar ƙarewar fasfo idan ita ta riga zuwa. Ku duba fasfon tun a filin jirgi, kada ku bari sai an kwana biyu. Idan daga baya kuka ga tana bukatar ƙarin lokaci, ana neman tsawaitawa ta intanet, kuma hukumar IRCC tana ba da shawarar a nema aƙalla kwana 30 kafin wa'adin ya cika. Wanda ya nema kafin wa'adinsa ya ƙare yana nan a kan halaccin zamansa har a ba shi amsa. Abin da ba a so shi ne ranar ta wuce ba a yi komai ba.

Sai maganar asibiti, wadda mutane ke mantawa da ita saboda murna. Baƙo ba ya cikin inshorar lafiya ta lardi kai tsaye, kuma kuɗin asibiti ga wanda ba shi da inshora yana da yawa sosai. Ka saya mata inshorar matafiya kafin ta taso, ka kuma karanta abin da ta ƙunsa da kyau, domin da yawa daga cikinsu ba sa biyan abin da ya shafi juna biyu da haihuwa.

Ba ta da izinin aiki da bizar ziyara, ko da rainon yaran maƙwabta ne a biya ta a hannu. Sanarwar 2023 da Malam Bashir ya ambata ta buɗe wa waɗanda fayil ɗinsu na waje ne damar neman izinin aiki wanda bai ɗaure su ga ma'aikata guda ba, idan suna cikin Kanada da halaccin zama, suna zaune a gida ɗaya da mai ɗaukar nauyinsu, kuma suna da AOR. Tsari ne na wucin gadi, saboda haka a karanta sharuɗɗansa a shafin hukumar a ranar da za a nema. Zan ƙara da abu guda, Malam Aminu, a matsayin 'yar'uwa: idan ta zo, ka ɗauki hutu ko na 'yan kwanaki ne. Zaman gida ita kaɗai daga safe zuwa yamma, a garin da ba ta san kowa ba, yana da wuya fiye da yadda maza ke zato, musamman idan lokacin sanyi ne.

Aminu (Kalgari) ya sake rubutawa:

Malam Bashir, Maman Hanan, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Maganar ɓoye fayil ta fita daga raina gaba ɗaya, kuma na karanta wa iyalin amsoshinku. Saura abu biyu. Na farko, shawarar nan ta janye fayil a sake turawa daga cikin ƙasa ba wanda ya taɓa ta. Na biyu, idan Allah bai sa aka ba ta bizar ba, ina tunanin in nemi hutu ba albashi in je in zauna da ita har a gama, ko da zai kai rabin shekara ko fiye. Shin akwai matsala a hakan?

Abu Yasir (Toronto) ya amsa:

Malam Aminu, tambayarka ta biyu ta fi gaggawa, don haka da ita zan fara. Akwai matsala, kuma babba ce. Ƙa'idar ita ce mai ɗaukar nauyi ya kasance mazaunin Kanada tun daga ranar da ya tura fayil har ranar da aka yanke hukunci. Ɗan ƙasa ne kaɗai aka yi wa sassauci, shi yana iya ɗaukar nauyin matarsa yana zaune a waje idan ya nuna zai dawo da zarar an ba ta zama. Kai da kake da izinin zama na dindindin ba ka cikin wannan sassauci. Kada ka haɗa wannan da sharaɗin zama a Kanada kwana 730 a cikin shekara 5, wanda ke kare izininka na zaman dindindin. Mutum zai iya cika wancan sharaɗi sarai amma ya faɗi a wannan. Ziyara ta hutu, ka je ka dawo, aikinka da gidan hayarka suna nan, wannan ba laifi, hasali ma tana ƙara wa fayil ƙarfi, domin hatimin fasfo da tikiti da hotunan da kuka ɗauka tare shaida ce cewa auren yana raye. Amma ka ajiye aiki, ka saki gida, ka tafi wata da watanni, jami'i yana da hujjar cewa ba ka zaune a Kanada, kuma a kan wannan kaɗai ana iya ƙin amincewa.

Janye fayil kuwa, ban ga ribarsa gare ku ba. Za ku koma ƙarshen layi, watannin da kuka riga kuka jira sun tafi, kuma kuɗin dubawa ba ya dawowa idan an riga an fara aiki a kan fayil. Sannan za ku rasa wani haƙƙi mai daraja. Idan aka ƙi fayil na rukunin iyali, mai ɗaukar nauyi yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa sashen ɗaukaka ƙara na IRB, hukumar da ke sauraron shari'o'in shige da fice da na 'yan gudun hijira, inda za a saurare ku, a karɓi sabuwar shaida. Fayil na cikin ƙasa ba shi da wannan dama, sai dai Kotun Tarayya, ita kuma duba take yi ko jami'i ya bi ƙa'ida, ba sake sauraron labarin aurenku ba. Haka kuma rukunin cikin ƙasa yana bukatar ku kasance kuna zaune tare a Kanada, don haka idan wani uzuri ya taso a gida ta fita, aka kuma hana ta dawowa, fayil ɗin ya shiga haɗari. Wanda kuke da shi yanzu yana ci gaba da tafiya ko tana nan ko tana can. Abin lura kawai shi ne ku sanar da hukumar adireshinta duk lokacin da ya canza, kuma idan aka kira ta ganawa a ofishin biza da ke waje, dole ta iya zuwa.

Tun da Maman Hanan ta taɓo maganar juna biyu, bari in ƙarasa ta. Idan Allah ya ba ku rabo aka haihu a Kanada, yaron ɗan ƙasa ne. Idan a gida aka haihu, tun da kai ba ɗan ƙasa ba ne, yaron ba ya samun ɗan ƙasanci ta wurinka, sai an sanar da hukumar an ƙara shi a cikin fayil, an biya kuɗinsa, an yi masa gwajin lafiya, kafin mahaifiyarsa ta karɓi zamanta. Wasu suna jin tsoron jinkiri sai su yi shiru da nufin su nema masa daga baya. Sashe na 117(9)(d) na ƙa'idojin yana hana mutum ɗaukar nauyin ɗan iyalinsa da ba a bayyana ba, ba a kuma duba shi ba, a lokacin da shi kansa ya nemi zaman dindindin, kuma iyalai sun sha wahala a kan wannan sashe. Duk wani canji, haihuwa ko rasuwa ko sabon fasfo, a faɗa da wuri.

Ga sauran masu karatu da ba su tura nasu ba tukuna: tun watan Yuni na 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta waya, ko ta intanet, ko ta hanyar wakili alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, in ban da sojojin Kanada da aiki ya hana su halarta. Malam Aminu ya ce ya je da kansa, to ya adana duk abin da ke nuna cewa su biyun suna wurin a ranar. Wanda nasa auren aka ɗaura yana nan Kanada, ya ga lauya kafin ya tura komai. Idan za a biya wani ya taimaka, a tabbatar lauya ne mai rajista a lardinsa, ko mai ba da shawara da ke da lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, wadda ke da rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet. Duk abin da dillali ya cika a fom, mai sunan ne zai amsa shi.

Malam Bashir (Otawa) ya ƙara da cewa:

Na goyi bayan Abu Yasir a kan duka biyun. Abu ɗaya zan ƙara saboda tsara lokacin tafiyar. Gwajin lafiya na zaman dindindin yana aiki wata 12 ne, kuma likitan da hukumar ta amince da shi kaɗai ke yin sa. Idan wasiƙar gwajin ta iso tana Kalgari, ba sai ta koma gida ba, akwai irin waɗannan likitoci a Kanada, sunayensu suna shafin hukumar. Takardar shaidar 'yan sanda ce ta fi wuyar samu daga nesa, don haka idan akwai wadda ba ta karɓa ba, ko wadda ake iya neman sabuwarta, ta kammala da ita kafin ta taso. Ku riƙa duba asusunku na intanet da akwatin imel a kai a kai, har da inda saƙonnin banza ke taruwa, domin wasiƙun hukumar suna zuwa da wa'adi, kuma ba a dakatar da wa'adin don mutum yana kan hanya. Idan kuma ta faɗa wa makaranta da jami'in biza cewa za ta koma ranar kaza, Malam Aminu, ku yi ƙoƙari ta koma a ranar. Wadda ta zo ta fita a kan lokaci tana da ƙarin hujja wajen neman izinin sake zuwa idan jiran ya ƙara tsawo.